Bangon da Goggo Ta Wanke

Ina da wata goggo da duk dangi ke kira Duba-gari, amma fa a bayan idonta. Mace ce mai tsafta, wannan ba a ja da shi. Aibinta shi ne ta ɗauka daga kanta aka rufe ƙofar tsafta, kuma duk abin da ba ta gane ba, a wurinta datti ne. In ta shigo gidanka, kafin ta amsa gaisuwa ta goga yatsa a kan tebur ta duba. Ba ta tambaya, ba ta kuma bari a ƙarasa yi mata bayani. Wadda ta fi ɗanɗana kuɗarta ita ce matar ɗanta, yarinya mai haƙuri, wadda ko da harshe ta lashe tsakar ɗaki sai Goggo ta ce da saura.

Wata shekara ɗan nata ya samu hutu, ya ce zai fita da mahaifiyarsa ta sha iska. Matarsa ce ta nemo musu masauki ta waya, wani gida da ake ba baƙi haya na 'yan kwanaki a tsakiyar wani tsohon birni, inda lunguna suka matse har mota ba ta shiga. Da ƙafa suka ƙarasa suna jan akwatuna. Tun daga nan Goggo ta fara mita.

Mai gidan dattijo ne mai sanyin magana. Shi yana zaune a ƙasa, baƙi a sama. Goggo ta riga kowa hawa bene don ta duba makewayi, shi kuwa ya tsaya yana yi wa matar ɗan bayani kafin ya miƙa mata makulli.

Gidan tsaf yake, zannuwan gado sai ƙamshi. Goggo ta leƙa ƙarƙashin gado, ta shinshina kofuna, ba ta samu abin kamawa ba, har ranta ya fara ɓaci. Sai idonta ya faɗa kan bangon babban ɗaki. Daga ƙasa har rufi zane ne na rassa da ganyaye da ƙananan tsuntsaye, ya dushe, ya yi duhu kamar bangon kicin.

"Yauwa," in ji ta. "Ke yanzu duk gidajen duniya ki rasa inda za ki kawo mu sai nan? Dubi bango, wa ya san rabonsa da ruwa!"

"Mama, ai dattijon nan ya ce bangon..."

"Yi mini shiru. Ƙazami ai ba ya rasa hujja."

Ɗanta ya sosa ƙeya ya shige ɗaki, don ya daɗe da koyon cewa ba a tare Goggo in ta ɗauko magana.

Washegari suka shirya zaga gari. Goggo ta ce gwiwa ta hana ta, su je abinsu. Suna sauka ta ɗaura zani a ƙugu, ta dafa ruwa, ta zuba garin sabulu, ta ɗauko soson ƙarfe na wanke tukwane. Niyyarta su dawo su ga yadda ake aiki, surukar ta ji kunya, mai gidan kuma ya hawo ya yi godiya.

Ta fara daga tsakiya. Da ta matse tsumma a bokiti, ruwan bai yi baƙi ba kamar yadda ta zata. Ja ya yi, can ya koma shuɗi. Gabanta ya ɗan faɗi, ta tsaya da soso a hannu. Mai gidan yana nan ƙasa, tana ma jin tarinsa, saukowa kawai za ta yi ta tambaya. Amma Goggo ta tambayi wani yadda ake wanke bango? Ta taɓe baki ta ci gaba. Kafin azahar ta share wuri kamar faɗin tabarma, fari tas, babu reshe babu tsuntsu.

Tana shanya tsumma suka dawo, dattijon na biye da su ɗauke da sababbin tawul. Goggo ta gyara tsayuwa tana jiran yabo.

Matar ɗan ta ɗora hannu a ka. Dattijon kuwa tawul ɗin suka zube daga hannunsa. Ya taka a hankali ya shafa farin wurin, ya dubi tafinsa, sannan ya zauna a ƙasa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Kakan kakana ne ya zana shi da hannunsa," ya ce. "Gobara ta ci unguwar nan ta bar shi. Mahaifina ko ƙura da gashin tsuntsu yake kaɗe masa. Tsuntsun da ke nan tsakiya, da shi mahaifiyata take lallashina in ina kuka."

Ɗan Goggo ya ce, "Baba, don Allah a kira mai gyara, ko me za a yi..."

"Ɗana, a kira wa? Mai hannun ya daɗe a ƙasa." Ya juya ga matar ɗan. "'Yata, ba ke na roƙa ba? Ban ce ko jiƙaƙƙen hannu kada a ɗora masa ba?"

Yarinyar ta durƙusa. "Ka faɗa, Baba. Laifina ne, ni ce ban isar da saƙon ba. Ka yafe mini."

Goggo ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ga yarinyar da ta yi shekaru tana kira ƙazama a gaban mutane, yau ita ce durƙushe tana rufa mata asiri. Ta so ta yi shiru, har ta ɗan yi. Amma da ta ga dattijon ya kau da kai daga yarinyar cikin ɓacin rai, sai ta kasa.

"Ba haka aka yi ba," ta ce, da wata murya da ɗanta bai taɓa ji ba. "Ta buɗe baki za ta gaya mini, na ce ta yi mini shiru. Na kuma ga launi yana fita a ruwa, na ƙi tsayawa. Ni ce, bawan Allah. Ni kaɗai."

Dattijon ya ɗago ya dube ta. Bai zage ta ba, kuma da ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Ɗan ya ce za su tattara kayansu su bar gidan a ranar, dattijon ya girgiza kai.

"Ba a taɓa korar baƙo daga gidan nan ba, ba kuwa za a fara a kaina ba. Ku zauna har hutunku ya ƙare."

Haka suka zauna. A wannan ɗakin ake cin abinci, a nan ake hira, babu inda Goggo za ta juya kujera farin wurin bai dube ta ba. Ko sau ɗaya ba ta fita ganin gari ba, abinci ma sai surukarta ta lallaɓa take ci. Ranar tafiya ta sauka ta yi wa dattijon sallama. Ya amsa da mutunci, ya yi musu fatan sauka lafiya. Kafin su sha kwanar lungu ta waiga, ta hango shi yana ciro allon da ke sanar da baƙi cewa akwai masauki.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwaninta ba ta ba mutum izinin taɓa abin da ba nasa ba. Goggo ba mugunta ta yi niyya ba, girman kai ne ya toshe mata kunne, garin neman gira ta rasa ido. In ka sauka a gidan wani, ka tuna kwana ka zo yi, abin da ka tarar kuwa ya riga ka zuwa. Ka bari na ƙasa da kai ya ƙarasa maganarsa, kuma in zuciyarka ta ce tsaya, ka tsaya ka tambaya. Akwai ɓarnar da ake yafewa amma ba ta gyaruwa.