Shafin Ɗan Farin Haboba

Akwai wani saurayi a Abu Na'ama mai suna Zaharaddini, wanda ya ɗan iya kwamfuta har kansa ya fara kumbura. Ya ɗora manhajar sarrafa shafuka a kan wata tsohuwar kwamfutarsa, ya buɗe wiki na tarihin danginsu: kowane mutum da shafinsa, kowane shafi a haɗe da na iyayensa. Sai ya kulle abinsa da kalmar sirri, ya ce shi kaɗai zai riƙa karantawa.

Shafi ɗaya ne ya gagare shi, na kawunsa Abdulmuttalib, ɗan farin kakarsa Mairama, wadda jikoki ke kira Haboba, wato kaka da Larabcin yankin. Kawun ya tafi tsinkar auduga yankin Jazira tun yana saurayi, ya yi aure can, ya rasu can. An san ya bar 'ya, amma ba a san ƙauyen ba, kuma babban burin tsohuwar shi ne ta gan ta kafin ta mutu.

Da Zaharaddini ya zo da tambayoyinsa, Haboba ta ƙi ambatar sunan ɗan fari, kamar yadda matan zamaninta suka saba. Sai "yaron nan" take cewa, can kuma ta ɓarke da waƙar da take lallashinsa da ita a goye. Gogan naku ya ƙufula ya miƙe.

"Zauna, ya waladi," in ji ta, wato ɗana. "Abin da ni ke da shi ke nan. In akwatin naka ba shi ɗaukar waƙa, mi ne amfaninai?"

Kunya ta kama shi. Ya zauna ya naɗi muryarta har ƙarshe, ya ɗora a shafin, ya cire kullen, ya tura adireshin shafin zuwa zauren WhatsApp na Hausawan yankin.

Bayan ɗan lokaci wata mata mai suna Sabah ta yi rubutu a ƙasan shafin da Larabci. Ta ce Hausarta ba ta da ƙarfi, amma da wannan waƙar mahaifinta yake sa ta barci.

Ranar da Sabah ta sauka daga motar garin Sinnar da jariri a hannu, gidan ya cika da guɗa. Haboba ta rungume ta tana kuka tana dariya, sannan ta tambayi sunan yaron.

"Abdulmuttalib," in ji Sabah.

Tsohuwar ta share hawaye. "To, shi ma ba ni faɗin sunanai. Miƙo min shi."

Ta ɗora shi a cinya, ta ɗauko waƙar daga farko.

Darasi: Ilimin da ka kulle don kanka ba ya haɗa zumunci, kuma wanda ya yi haƙurin sauraron tsofaffi ba ya tashi hannu wofi. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda ake nema a danginku.