Riƙon Karɓa-Karɓa

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya wartsake.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata yarinya ce a wani gari, shekararta shida. Ubanta ya rasu da damina, uwarta ta bi shi kafin a yanke gero. Aka yi sadakar arba'in, aka raba gado, wannan ya ja akuya, wancan ya ɗauki turmi. Sai aka waiga, ga yarinya zaune a bakin ƙofa. Ita ce kaɗai ba a yi rububinta ba.

Sai mai gari ya tara dattawa. Mutum ne mai son a ce ya iya tsari. Ya ce, "Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Gida uku na danginta, kowane ya riƙe ta kwana bakwai ya miƙa wa na gaba." Kun ji fa, ita ce ƙazamar miyar. Dattawa suka ce madalla, ba wanda ya tambaye ta.

Sai ta ɗauki ƙunshin kayanta ta je gidan Goggo Hansai. Goggo ta ce, "Lale, Baƙuwa." Shi ke nan, suna ya zauna. Tana fara gane inda ake aje ludayi, kwana ya cika.

Sai ta je gidan Baffa Tunau. Ranar Talata ce, ya ce, "Ga Talatu." Tana fara sabawa da karen gidan, kwana ya cika.

Sai ta je gidan Iya Gambo. Iya ta ga ba ta magana, ta sa mata Shiru-shiru.

Haka ta yi ta kewayawa har shekara uku. Duk wata wakilin mai gari yakan zo.

"Kin ci?"

"Na ci."

"An doke ki?"

"A'a."

"To, alhamdulillahi."

Kuma gaskiya ta faɗa, ba a doke ta ba, ba ta kwana da yunwa ba. Abin da take so ɗaya ne, ya zama akwai gidan da in ba ta nan za a ce ina take. Wannan kuwa ba ya cikin tambayoyin wakili.

Wata rana ta tashi da zazzaɓi a gidan Goggo. Goggo na hidimar biki, ta ɓata lissafi da kwana ɗaya. Ta ce, "Baƙuwa, kwananki ya cika, a gai da Tunau."

Sai ta ja ƙafa ta je. Baffa ya ce, "Talatu, yau Litinin. Gobe ne namu. Leƙa wurin Iya."

Sai ta je. Iya ta ce, "Shiru-shiru, ai sai wani mako. So kike in karya dokar mai gari? Koma wurin Hansai."

Ba ta koma ba. Rana ta take, kanta na sara. Ta fita bayan gari ta zauna a gindin wata tsohuwar tsamiya, ta yi kuka har ya ƙare.

Sai tsamiya ta ce, "Yarinya, ke ta wane gida ce?"

Ta ce, "Yau dai ba ta kowa ba."

Tsamiya ta ce, "Shigo ki kwanta. Amma ki sani, in na rufe ba na buɗewa sai wani ya kira ki da sunanki na yanka. Ke kuma ba za ki iya faɗa musu ba."

Yarinya ta yi murna. Ta ce a ranta, yau zan ga mai nemana. Ta shiga, tsamiya ta rufe.

Kwana ɗaya, shiru. Goggo na cewa tana gidan Tunau. Kwana uku, shiru. Baffa na cewa Iya ta riƙe ta. Iya kuwa da makonta ya zo ta ce ƙila an sake tsari. Kowa ya ji sauƙi, kowa ya ja bakinsa. Yarinya na ciki tana ƙirga kwanaki, sai a na goma sha tara wakili ya zo da tambayarsa, ya rasa wadda zai yi wa.

Gari ya tashi, aka bazu. Da suka iso gindin tsamiya, ta ce, "Tana nan. Ku kira ta da sunanta na yanka, in ba ku abarku."

Goggo ta matso. "Baƙuwa, fito." Tsamiya ko motsi.

Baffa ya matso. "Talatu, fito." Ko ganye bai kaɗa ba.

Iya ta buɗe baki, sai kunya ta kama ta, ta rufe.

Aka ce a kira liman da ya raɗa sunan, aka ce ai ya rasu bara. Aka nemi wanzamin da ya yi mata askin suna, aka ce ya yi ƙaura. Sai suka shiga jero sunaye kamar masu kacici-kacici, Rabi, Uwani, Sa'ade, Balkisu. Yarinya ta manna kunne a jikin itace. Sunan na kan harshenta, gajere ne ma, ba wuya. Sau ɗaya Baffa ya kusa, sai Goggo ta katse shi ta ce ba shi ba ne.

Da la'asar suka gaji. Mai gari ya ce laifin lissafi ne, daga yau a riƙa ƙirga kwana da tsakuwa. Dattawa suka ce madalla. Tana ji takunsu na yin nisa, na yin nisa, har ya ɓace. Ban ɓoye muku ba, duk sanda na zo nan sai zuciyata ta karye.

"Kaka, to mene ne sunan nata?"

Ni ma ban sani ba, ɗiyata. Wadda ta ba ni labarin ba ta sani ba. Da na sani, da ba a nan za ku same ni ba, ina can gindin tsamiya.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare ba daɗi. Maraya ba tuwo kaɗai yake nema ba, yana neman mutum ɗaya da zai ce nawa ne.