Sarki Tankari da Filin Mahaifiyarsa

An ruwaito a cikin wani tsohon littafi da gara ta cinye gefensa, wanda na gada daga kakana, cewa an yi wani sarki a ƙasar Rafin Dinya mai suna Tankari. Yana yaro mahaifiyarsa takan riƙe hannunsa zuwa wani fili a gabas da gari, inda Fulani ke wucewa da shanu. Takan tsinko ganye ta murza, ta kai masa hanci, ta ce wannan ɗoɗɗoya ce, wannan gasaya, wancan gadagi. Har ya girma ƙamshin filin yake ji a zanenta.

Da ta rasu sai ya sa aka kewaye filin da shingen ƙaya, ya yi doka kada kofato ya sake taka shi. Shekara bakwai bai iya zuwa ba, don zuciyarsa ba ta ɗauka. Amma kullum ya kishingiɗa bayan azahar sai ya gan ta a mafarki tana tafiya cikin furanni, tana waiwayowa, shi kuwa ba ya cim mata.

Sai fari ya zo, damina biyu a jere sama ta hana. Wani tsohon makiyayi mai suna Bagudu ya ga shanunsa sun zama ƙashi da fata, ya ɗaga ƙayar ya kora su ciki. Kwana tara suna ci kafin dogarai su gane. Sarki ya hau ya je da kansa, ya tarar babu komai sai gamba, ta fi mutum tsawo, ta bushe a tsaye. Ya koma gida baƙin ciki ya cika shi, ya ce a yanka shanun.

Waziri Sambali, mutum ne mai sanyin baki, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ji ta bakin tsohon nan tukuna."

Aka kawo Bagudu fada, Sarki ya dube shi ya ce, "Na bar iri-irin tsirrai a filin nan, na tarar da iri ɗaya. Faɗa mini wanda ya sace sauran. In ka faɗa, shanunka sun tsira."

Bagudu ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba malami ba ne, sai dai abin da kakata ta gaya mini. Ta ce a farkon zamani ƙananan tsirrai sun kai kuka wurin saniya, suka ce gamba ta yi musu rumfa, ba sa ganin rana. Suka ce, 'Ki zo ki rage mata tsawo, ki taka mana ƙasa, ki ɗauki 'ya'yanmu a cikinki da jelarki ki kai su nesa. Amma in kin ci, ki wuce.' Saniya ta yarda. To, a bakin rijiyar gari shanu sun karya alkawari, sun zauna ba su wuce ba. Je ka duba, babu komai sai tumfafiya da tsidau. A filinka kuwa, ba shanu ne suka karya ba."

Ni kaina da na zo nan a karatu sai da na ji tsoro ya kama ni saboda tsohon.

Sarki ya ce, "Wato sun mutu ke nan?"

Bagudu ya ce, "Barci suke yi a ƙarƙashin ƙasa, Allah ya ja zamaninka. Fari ya karya ƙarfin gamba, shanuna sun buɗe mata kai. A jira ruwa. In ba su farka ba, ga wuƙa ga shanu."

Aka jira. An ce ruwan ya zo da hantsi, a hankali, har ƙasa ta yi ta numfashi. Bayan mako huɗu Sarki ya tafi da Waziri da Bagudu. Inda shanu ba su kai ba, sabuwar gamba ce kawai ke fitowa daga tsohuwa. Inda suka tattake kuwa, ga gasaya da fararen furanninta, ga gadagi yana rarrafe, ga wasu da Waziri, duk da rawaninsa, bai san sunansu ba. Sarki ya durƙusa ya tsinko ganyen ɗoɗɗoya, ya murza, ya kai hanci. Ya daɗe a haka, hawaye na zuba.

Sannan ya ce, "Waziri, na kama ɓarawon. Shekara bakwai yana zaune a kan gadon sarautata."

Ya mayar wa Bagudu shanunsa, ya kuma damƙa masa ƙofar shingen, shi zai ce a buɗe, shi zai ce a rufe. Mai littafin ya rubuta a ƙarshe cewa ana kashe abu da yawan ci, ana kuma kashe shi da yawan tsaro, Allah ya sa mu gane tsakani. Ya ƙara da cewa tun daga ranar Sarki bai sake mafarkin ba, don in ya yi kewarta sai ya tashi ya tafi filin.