Sunan da Sarki Tunau Bai Taɓa Faɗa Ba

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljanu suna cin kasuwa ɗaya da mutane, tun ba a gama kakkarya gumaka ba, an yi wani birni mai ganuwar jan dutse can bayan manyan hamadu, ana kiransa Zangarma. Sarkinsa shi ne Tunau ɗan Arzika, dogon mutum kakkaura mai farin gemu, adali wanda talaka ke kwana da ƙofa buɗe a zamaninsa, mai kwarjinin da in ya yi gyaran murya bisa karaga sai fada ta yi tsit.

Mutanen Zangarma Allah ya zuba musu kunya, musamman kunyar ɗan fari. Uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, uwa ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sai dai a ce "yaron nan" ko "waccan". Wanda bakinsa ya suɓuce ya faɗa, to ya shiga uku, makaɗa za su sa shi a waƙa, a yi ta zunɗensa har jikokinsa. Sarki kuwa ya fi kowa riƙon wannan al'ada. 'Yarsa ta fari, wadda uwarta ta rasu ta bar ta tana goyo, ta girma ta zama budurwa mai hankali da fara'a, amma bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskarta sosai ba. In ta zo gaisuwa sai ya tsura wa sandarsa ido. Alhali kuwa, wallahi, duk duniya ba abin da yake so kamarta. In aka kawo farar zuma daga ƙauye sai ya ce a kai wa yaran gida, kuma kowa ya san wadda yake nufi. Ko daga bayan katanga ya ji ƙarar awarwaronta, ya san ita ce. Ni ma mai ba ku labarin nan zan bi sahunsa in kira ta Gimbiya, sai lokaci ya yi.

To, a cikin Dutsen Toka akwai wani tsohon abin bauta mai rai da mutane suka daɗe da juya wa baya, sunansa Haɗiyau. Shi ba jini yake sha ba, sunayen mutane yake ci. Duk wanda ya haɗiye wa suna sai ya manta kansa da danginsa, jikinsa ya koma launin toka, ya zama bawan da ba ya tambaya. Mai yi masa hidima shi ne boka Hargowa, haifaffen Zangarma, wanda Sarki Tunau ya kora saboda tonon kaburbura. La'anannen ya san garin ciki da bai.

Ranar bikin girbi, da rana tsaka ana cikin kiɗa da raha, sai ga wata baƙar guguwa ta keto ta ƙofar gabas tana bin lungu-lungu. Abin mamaki, zaɓe take yi. Ta bar ƙane ta ɗauki wa, ta bar ƙanwa ta ɗauki ya, ba ta bar ɗan fari ko ɗaya ba, har Gimbiya da ke zaune a rumfar mata. Daga cikinta aka ji muryar Hargowa tana cewa, "Ya kai Tunau! Kafin ruwan shuka ya sauka zan dawo maka da 'ya'yanku riƙe da gatura. Ko ka sauka ka ɗora Haɗiyau bisa karagarka, ko su rushe garin nan a kan iyayensu."

Gari ya ruɗe da kuka. Sarki dai bai zubar da hawaye a gaban kowa ba, amma ya daina cin abinci, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Yaya za a yi yaƙi da rundunar da duk kibiyar da ka harba ɗanka za ta soka?

Ana nan sai Barde Ƙosau ya shigo fada ya faɗi gaisuwa. Shi ne shugaban mayaƙan birnin, wanda Gimbiya ta zaɓa da kanta har an sa musu rana, kuma wansa Shekarau yana cikin waɗanda aka ɗauke. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Na ji daga tsofaffi cewa Gaushiya, sarauniyar aljanun da ke ƙarƙashin Tafkin Gishiri, ta taɓa gwabzawa da Haɗiyau ta san lagonsa. A yi mini izini in je. In na dawo, da magani na dawo. In ban dawo ba, a yafe mini."

Sarki ya ce, "Tafi, Barde. Ka dawo mana da yaran mutane." Ya dubi sandarsa, sannan ya ƙara da cewa, "Har da waccan."

Ƙosau ya rataya takobi ya kama hanya. Ya fara ratsa Dajin Ƙaya Mai Magana, inda kowace ƙaya ke ari muryar wanda kake so tana neman taimako, in ka waiwaya kuwa sai ta tsiro a jikinka. Ya ji muryar wansa tana nishi, ya ji ta Gimbiya tana cewa "Barde, ga ni nan bayanka," ya ciji leɓensa har ya yi jini, bai waiwaya ba. A bakin tafkin ya iske wani ifiritu mai tsaron ƙofa, ƙato kamar rumbu, wanda ba a wucewa sai an kayar da shi. Suka kama kokawa tun da hantsi, gishiri na tashi, har rana ta karkata, sannan Ƙosau ya sa masa ƙafa ya maka shi da ƙasa. Ifiritun ya tashi yana haki, ya buɗe ruwan biyu ya ce ya shige.

Fadar Gaushiya ginin farin gishiri ce mai ginshiƙan lu'ulu'u, ita kuwa tana kishingiɗe bisa gadon jan ƙarfe, idanunta na haske kamar garwashi. Ta ce, "Ɗan mutum, ka sha wuya, ga ladanka. Zan fisgo maka mutum biyu daga hannun Haɗiyau, wanka da amaryarka, ku zauna a nan cikin ni'ima har ku tsufa. Ko kuwa in ba ka abin da zai iya ceton kowa, zai iya kuma kasa ceton ko ɗaya. Zaɓi."

Ƙosau ya ji zuciyarsa ta rabu biyu, don ba ƙarya, yana son Gimbiya kamar ransa. Amma ya ce, "Ranki ya daɗe, da wane ido zan dubi sauran iyaye? Gimbiya kanta ba za ta yafe mini ba. Ba ni na kowa."

Sarauniya ta yi murmushi, ta miƙo masa wani ƙahon gwanki mai ɗaurin azurfa. Ta ce, "Duk maganar da aka yi cikin ƙahon nan sai ta ratsa kowane tsafi. Ka sani, Haɗiyau ba ya iya riƙe sunan da mahaifi ko mahaifiya suka kira da ƙarfi a bainar jama'a, dole ya amayar da shi. Me kake tsammani ya sa Hargowa ya tsince 'ya'yan fari kaɗai? Ya san halinku. A kan Gimbiya ya ƙulla asirin duka, sai an fara kiranta na sauran zai kwance. Uwarta ba ta da rai, saura mutum ɗaya."

Ƙosau ya dafe kai ya ce, "Tirƙashi! Da cewa kika yi Sarki ya shaƙe zaki da hannu, da ya fi sauƙi."

Aljanu suka ɗauko shi bisa iska suka dire shi a kan ganuwar Zangarma da safe, daidai lokacin da hadarin ruwan shuka ya haɗo, daidai kuma lokacin da rundunar toka ta cika fili. Duk an lulluɓe su da tufa iri ɗaya, ba ka gane wannan daga wancan. A tsakiyarsu ana ɗauke da Haɗiyau a kafaɗu, baƙin gunki mai baki kamar ƙofar zaure, wuta na ci a cikinsa. Hargowa na gaba da sandar ƙashi.

Ƙosau ya durƙusa a gaban Sarki, ya miƙa ƙahon, ya faɗi abin da aka gaya masa. Kafin Sarki ya buɗe baki, Waziri Mayau ya yi wuf ya ce, "Zaki, a yi hattara. Tun da aka kafa garin nan ba sarkin da ya taɓa wannan abin kunya. In ka yi, da wane ido za ka sake zama bisa karagar kakanninka?" Wasu fadawa suka ce gaskiya ne. Ku ji fa, gari na shirin rushewa, su ta waƙar makaɗa suke yi!

Sarki ya karɓi ƙahon. Ya kai bakinsa ya ce, "Ke Gimbiya!" Muryar ta karaɗe fili, amma ko gezau. Ya sake cewa, "Ke yarinyar nan, ki dawo gida!"

Hargowa ya tuntsire da dariya ya ce, "Na san ka, Tunau! Ka gwammace ka binne ta da ka buɗe baki. To buɗe ido ka gani. Wanda ya shiga bakin Haɗiyau da ƙafarsa, ko uwarsa ta tashi daga kabari ba ta dawo da shi." Ya ɗaga sanda. Aka sauke gunkin, sai wata daga cikin masu lulluɓi ta fito tana tafiya a hankali zuwa bakin wutar.

Fili ya yi tsit. Cikin wannan shirun Sarki ya ji wata 'yar ƙara da ya sani fiye da bugun zuciyarsa, ƙarar awarwaron da ya shekara yana saurare daga bayan katanga. Nan take ya ji duk sarautar duniya ba ta kai masa ƙwayar gero ba. Ya fisge amawalin rawaninsa, ya buɗe fuskarsa a gaban talakawansa, hawaye na bin gemunsa, ya kwarara kira da iyakar ƙarfinsa.

"Zabba'u! Zabba'u 'yata! Zabba'u!"

Ta tsaya cak, ƙafarta ɗaya a dokin bakin gunkin. Tokar jikinta ta zube, ta yaye lulluɓi, ta juyo tana dube-dube kamar wadda aka tasa daga barci. Sai ta ce, "Na'am, Baba."

Kai jama'a! Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Wata tsohuwa ta ture dogarai, ta fisge ƙahon daga hannun Sarki ba ko gaisuwa, ta rafka kira, "Shekarau! Ɗan nan, Shekarau!" Uwar Ƙosau ce. Daga nan ba wanda ya jira ƙaho, don asiri ya riga ya karye. Iyaye suka hau ganuwa maza da mata, kowa na kiran sunan da ya shekara yana ɓoyewa a ƙirji, daga fili ana ta amsawa, gatura na faɗuwa ƙasa. Waziri Mayau da kansa, rawani a warware, shi ya fi kowa ɗaga murya.

Haɗiyau ya kama kakari yana amayar da sunaye, jikinsa na tsattsagewa. Hargowa ya ga ta ɓaci, ya rikiɗa ya zama baƙin kumurci ya nufi Zabba'u. Ashe Ƙosau ya riga ya diro daga ganuwa. Ya tare shi, ya kauce wa sara, ya kawo masa takobi a wuya ya raba kai da gangar jiki. Gunkin ya fashe kamar tulun da aka sake, sannan sama ta ɓarke da ruwa, ya wanke tokar tas ya bi da ita kwari. Aka buɗe ƙofofi, aka buga tambura, mata na guɗa cikin ruwa ba wadda ta nemi mafaka.

Bayan an gama shuka aka ɗaura auren Zabba'u da Barde Ƙosau. Sarakunan maƙwabta suka zo, Sarauniya Gaushiya ta aiko da aljanu ɗauke da tasoshin azurfa, aka ci aka sha har mabarata suka ƙoshi suka bar saura. Makaɗa kuwa sun sa Sarki a waƙa kamar yadda fadawa suka ji tsoro, sai dai waƙar yabo ce, kuma da ita aka yi rawar bikin.

Da za a kai amarya, aka shigo da ita ta durƙusa a gaban mahaifinta don sallama. Sarki ya koma halinsa, ya tsura wa sandarsa ido, ya ce ta roƙi duk abin da take so a cikin mulkinsa.

Ta ce, "Baba, tun ina ƙarama nake zaton ka manta sunana."

Ya ce, "Ni na zaɓa miki shi. Ba ranar da ta taɓa fitowa ta faɗi ban kira shi a zuciyata ba."

Ta ce, "To shi nake roƙo. Ka sake faɗa, ba ƙaho, ba boka, ba taron jama'a."

Sarki Tunau ɗan Arzika ya jingine sandarsa. Ya ɗago kai ya dubi fuskar 'yarsa, ya daɗe yana dubanta, har ya ga ashe idanun uwarta ta ɗauko. Sannan ya ɗora hannu a kanta ya ce a hankali, "Allah ya yi miki albarka, Zabba'u."