Inna Na Jiran Hon

Akwai wani ɗan kasuwa da ƙannensa ke kira Babban Yaya. Allah ya buɗa masa, kuma ba shi da rowa. Halinsa ɗaya ne mai ban haushi: yana yi maka alheri ba tare da ya tambaye ka me kake so ba.

Mahaifinsu, Baba, tela ne, yana da wata tsohuwar mota tun ta zamanin angoncinsa. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an tokare ta da gwiwa take rufuwa, hon ɗinta kuwa kamar tunkiya mai mura. Kullum da yamma in ya dawo daga shago, sai ya danna shi a ƙofar gida.

Mahaifiyarsu, Inna, ciwon mantuwa ya kama ta, har 'ya'yanta ba ta ganewa. Amma da ta ji hon ɗin nan sai ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta zauna su ci abinci da mijinta. In ba ta ji shi ba, ko ruwa sai an yi da gaske.

Wata rana da daddare Baba na cikin gida, Babban Yaya ya sa aka janye tsohuwar motar, ya ajiye wata sabuwa fil a gurbinta.

"Baba, wannan ba a murɗa makulli, maɓalli ake dannawa," in ji shi. "Tana hawa tudu kamar tana gangarawa. Taka kuwa da ta hango tudu sai ta fara tari."

"Allah ya yi albarka," in ji Baba. "Ina tawa?"

"Na ba masu sayen tsofaffin ƙarafa."

Auta, ƙanwarsu da ke kula da Inna, ta ce, "Yaya, hon ɗin nan fa..."

"Ke, rufa mini baki! Ana maganar inji kina maganar hon?"

Wallahi wannan amsar ta fi komai ƙona mini rai a labarin nan.

Washegari Baba ya dawo a sabuwar mota. Motar ta iso shiru, ya danna hon ɗinta mai zaƙin murya. Inna ko motsi. Ya shiga ya zauna kusa da ita, sai ta ja jiki ta ce, "Malam, maigidan bai dawo ba tukuna."

Ta ture kwanon abinci. Washegari ma haka. Kafin mako ya zagayo, zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Auta ta kira Babban Yaya tana kuka. "Zo ka ga aikin injinka."

Da ya zo ya ga Inna, sai ya juya ya fita. Ya garzaya wurin masu ƙarafa, ya tarar an riga an yanyanka motar. Ya tuɓe agogo, ya shiga tsibin tarkace yana tono da hannu, tsatsa na yankarsa, har ya zaro hon ɗin.

Ya kai wa mai gyaran wayar mota hon ɗin da sabuwar motar, mutumin ya yi ta dariya. "Ranka ya daɗe, wannan zan ɗaura wa wannan?"

"Ɗaura kawai."

Da yamma Baba ya tsaya a ƙofar gida ya danna. Muryar tunkiyar nan ta cika tsakar gida.

Inna ta dafa bango ta miƙe, ta gyara ɗankwali. Ta ce wa Auta, "Yarinya, kawo abinci, ya dawo." Sannan ta dubi Babban Yaya da ke tsaye a bakin ƙofa da hannu a ɗaure da bandeji, ta ce, "Bawan Allah, matsa mana ka ba shi hanya."

Ya matsa, hawaye na zubo masa.

Darasi: Kafin ka raba iyayenka da tsohon abinsu don ka ba su wanda ya fi shi, tambaye su me yake yi musu. Ka tura wa 'yan'uwanka wannan, musamman manyan yayye.