Madubin da Ya Tsage a Hannun Nayadeth

Akwai wani dattijon injiniya a nan kwarinmu na Elqui, ana kiransa Don Eleuterio Araya. Rabin rayuwarsa a kan dutse ya yi ta, wurin babbar na'urar hangen taurari.

Damuwarsa ɗaya ce. Iska tana sa hasken tauraro rawa, hoto ya fito dishi-dishi. Shi ya sa shi da mutanensa suka daɗe suna haɗa wani madubi siriri kamar ɓawon ƙwai, mai lanƙwasa kansa cikin ƙiftawar ido ya gyara rawar.

Ranar gwaji, wata sabuwar injiniya mai suna Nayadeth ta matse notin da ke riƙe da madubin fiye da kima. Sai ji aka yi ƙas! Madubi ya tsage.

Kowa ya juyo yana kallonta.

Dattijon ya zo ya kama hannunta yana dubawa. "Bai yanke ki ba dai, 'yata?"

"Don Eleuterio, na kashe muku aikin shekaru!"

"Na gani. Zo mu sha shayi tukuna, burodi zai huce."

Da yamma ta hango shi a bayan gini shi kaɗai, yana share hawaye.

Shugaban wurin ya so a sallame ta. Dattijon ya ƙi. Ya ce, "Wanda za ka kawo bai san zafin fasa madubi ba. Ita ta sani."

Suka koma farko. Kafin sabon madubin ya kammala, ciwon suga ya cinye idanun dattijon, ya ajiye aiki. Nayadeth ce ta ja ragamar har ƙarshe.

Ranar da za a kunna shi, ta tuƙo mota har gidansa a garin Vicuña, ta same shi zaune a inuwar inabi.

"Tsoho, ɗauko rigar sanyi."

"Ke! Me makaho zai yi a kan dutse? Ƙirga taurari?"

"Tashi dai, kada ka cika ni da surutu."

Da rana ta faɗi aka kunna. Ta zaunar da shi gaban allo, ta riƙe hannunsa.

"To, me kike gani?"

"Dunƙulen haske ne, yana ta rawa... Ya tsaya! Don Eleuterio, ya rabu! Ashe taurari biyu ne, babba da wani ƙarami a gefensa."

Sai ya tambaya, "Ƙaramin wane launi ne?"

"Ja-ja ne, kamar garwashi."

Ya ƙara damƙe hannunta. "Sake faɗa mini, 'yata. A hankali."

Darasi: Idan wani ya yi kuskure a gabanka, fara duba halin da yake ciki kafin ka duba asarar. Wanda ka tausaya wa yau, shi zai tsaya maka ranar da ƙarfinka ya ƙare. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu shugabantar wasu a wurin aiki.