Ranar Da Aski Ya Tsaya Rabi

Akwai wani mai aski, jama'a, da duk layinsu ba a san shi da wani suna ba sai Ɗan Gayu. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Matsalarsa ɗaya ce: in abu ya shiga kansa, ko da gatari ba ka fitar da shi.

Yayansa da ke zaune a ƙasar waje ya turo masa tikitin jirgi ya je hutun sati uku. Wayyo, 'yan layi sun sha hotuna! Yau ga shi a bakin ruwa, gobe ga shi a jirgin ƙasa, baki har kunne.

Ana jibi zai dawo ya faɗa wani katafaren kanti, idonsa ya sauka kan injinan aski. Masu nauyi a hannu, baƙaƙe wuluk, sai sheƙi suke. Mai kantin ya kunna masa ɗaya, ya ji yana tafiya sumul kamar kyanwa na minshari.

Nan take ya ɗauki uku. Tun daga can ya bugo waya ya ce a kwashe tsofaffin injinansa a ba wani abokin sana'arsa kyauta, shi ya wuce wannan ajin.

Da ya dawo ya sake wa shago fenti, ya sa sabon madubi tun daga sama har ƙasa, ya aika wa kowa: ranar Litinin da safe za a buɗe, askin mutum na farko kyauta ne.

Litinin tun ƙarfe takwas benci ya cika, wasu na tsaye a bakin ƙofa. Mai Kanti, maƙwabcinsa, ya rufe nasa shagon ya zo kallo. Kwalaye uku na jere a kan tebur, kowa na son ya taɓa, Ɗan Gayu na bige hannaye.

"Da ido ake kallo, malam! Wannan ba irin na kasuwarku ba ne."

Wanda ya riga kowa hawa kujera shi ne Ticha, wani malamin makaranta da ke da intabiyun neman aiki ƙarfe sha ɗaya. Ya ce yau da kan ƙasar waje zai shiga ofishin nan.

Ana cikin haka sai ga surukin Ɗan Gayu, mahaifin matarsa. Dattijo ne da ya yi shekara arba'in yana aikin wutar lantarki kafin ya ajiye, shi ya sa ake ce masa Baba Lantarki. Ya zo sa albarka ne. Ɗan Gayu ya rusuna ya gaishe shi, aka ba shi wuri.

Baba ya ɗan kalli filogin injin da aka ciro daga kwali na farko, mai ƙafa biyu fale-fale. Ya ce a hankali, "Ɗana, ko za ka miƙo mini in duba rubutun da ke jikinsa? Wutar wasu ƙasashen ba ɗaya take da tamu ba."

Ɗan Gayu ya yi dariya, ya zaro wata 'yar adafta daga aljihu ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Baba, ai na riga ku. Ga maganinta nan na sayo. Da an maƙala ta, shi ke nan."

"Wannan ƙafar filogi kawai take sauyawa, ɗana. Ba ta rage ƙarfin wuta."

"Haba Baba! Kayan yanzu ba irin na zamaninku ba ne. Wannan Turawa suka ƙera, su ma ai da wuta suke aiki, ba da ruwa ba."

Shago ya ɗauki shewa. Mai Kanti har da buga cinya.

Ni dai in na tuna wannan maganar raina yana ɓaci. Surukinka, a gaban jama'a? Baba ya miƙe, ya ce Allah ya sa albarka, ya fita.

Ɗan Gayu ya yafa wa Ticha ƙyalle, ya maƙala adafta, ya danna. Injin ya ɗauka da wata irin ƙara, garrrrr, kamar babur ya fasa salansa.

"Kun ji ƙarfi?" in ji shi. "Kun ji ƙarfi irin na doki?"

Ya ɗora a goshin Ticha ya ja har ƙeya. Hanya ta fito tar a tsakiyar kai. Ya ja ta biyu. Sai ya ji tafin hannunsa na zafi. Kafin ya yi ta uku, wani wari ya cika shagon, injin ya yi tari sau biyu, hayaƙi ya fito ta gindinsa, ya yi shiru.



"Jirgi ne," in ji Ɗan Gayu, yana goge gumi. "Masu lodin kaya ne suka buga shi. Ai shi ya sa na sayi uku."

Ya buɗe kwali na biyu. Wannan ko minti ɗaya bai yi ba. Fat! Tartsatsi ya tashi, Mai Kanti ya yi tsalle ya tsallake benci, takalminsa ɗaya a ciki shi a waje.

Ticha ya kalli madubi, ya kalli agogo. Goma saura kwata. Gefe da gefe gashi cunkus, tsakiya kamar an share titi.

"Ɗan Gayu, ka kashe ni! Haka zan shiga gaban mutane? Shekara biyu ina neman aikin nan! Ɗauko tsohon injinka!"

Ina tsohon inji? An kyautar. Ido fa ya raina fata. 'Yan bakin ƙofa sun fara ɗaga wayoyi. Ɗan Gayu ya san in na ukun nan ya bi 'yan'uwansa, ba shi da abin da zai yi aiki da shi gobe, kuma sunansa ya gama lalacewa a layin. Amma taurin kai bai sake shi ba. Ya yage kwali na uku, ya nufi soket.

"Kada ka kuskura!"

Kowa ya juya. Baba Lantarki ne a bakin ƙofa, rigarsa sharkaf da gumi, ya rungumo wani ƙarfe mai nauyi kamar dutse. Ashe da ya fita ba fushi ya yi ya tafi gida ba. Tsohon ɗakin aikinsa ya je, ya tono taransifomar rage wuta, ya ɗauko ta a ƙafa, mutum mai shekara saba'in.

Ya dire ta a tebur yana haki. Ya karɓi injin, ya juya bayansa, ya sa yatsa a kan wani ɗan rubutu.

"Karanta, ɗana."

Murya can ƙasa, Ɗan Gayu ya ce, "Ɗari da goma."

"Ƙarfin wutar da yake ɗauka ke nan, tamu fa ɗari biyu da ashirin ce. Abincin mutum biyu kake ɗura wa mutum ɗaya, ya ba zai fashe ba?"

Baba ya haɗa taransifoma da bango, ya haɗa injin da ita. Ya kunna, ya ɗan murɗa wani noti a gefen injin har ƙarar ta kwanta. Sumul! Shago ya kaure da tafi, har Mai Kanti ya dawo neman takalminsa.

Ɗan Gayu bai taɓa yin aski da sauri da kyau irin na ranar ba. Dole aka sauke gashin ƙasa sosai don a ɓoye titin, amma goma da kwata Ticha ya fita da gudu, kai tsaf.

Sannan Ɗan Gayu ya ajiye injin. A gaban mutanen da suka yi shewa ɗazu ya durƙusa, idonsa ya ciko.

"Baba, na yi muku rashin kunya. Ku yafe mini. Me ya sa ma kuka dawo?"

Baba ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi.

"'Yata da jikokina da wannan hannun naka suke ci. In na bar ka ka ƙone, wa na ƙona? Tashi, ga mutane na jiran ka."

Ɗan Gayu ya juya ya kama kan na gaba. Sau biyu yana tsayawa yana share ido da hannun riga.

Darasi: Kafin ka sayo kayan wuta a wata ƙasa, juya bayansa ka karanta ƙarfin wutar da yake ɗauka, in ba ka gane ba ka tambayi wanda ya sani, don matambayi ba ya ɓata. Kuma kada sabon kaya ya sa ka raina tsohon ilimi. Mutumin da ka kunyata da safe, wataƙila shi ne zai rufa maka asiri kafin rana ta take. Ku tura wa duk wani ɗan'uwa da ke shirin tafiya, tun kafin hayaƙi ya tashi a gidansa.